Faifan turombon biyu da ake tsallakewa: J.J. Johnson da Kai Winding, 1960

Duk mai bin kiɗan jaz, da ka ce masa Impulse!, wato kamfanin faya-fayan jaz na Amurka, sunan mai busa saksofon John Coltrane ne zai faɗo masa a rai, kuma ban ga laifinsa ba, ai mutumin ya yi wa kamfanin aiki har ya rasu a 1967. Amma fa ba shi ya buɗe ƙofar ba. Faifai na farko da kamfanin ya fitar, mai lamba A-1, na wasu masu busa turombon ne su biyu, J.J. Johnson da Kai Winding, sunansa The Great Kai & J.J., an ɗauke shi cikin Oktoba da Nuwamba na 1960 aka sake shi a 1961. Shi nake son yin magana a kai yau, don gaskiya abin yana damuna yadda ake ambatonsa a ce "shi ne na farko" kawai a wuce, sai ka ce lambar nan ce kaɗai darajarsa.

Bari in fara da abin busan kansa, don in baka san wahalarsa ba ba zaka gane abin da mutanen nan suka yi ba. Turombon ƙaho ne na ƙarfe, in aka miƙe bututunsa zai kai wajen ƙafa 9, kuma ba shi da madannai irin na turampet ko saksofon. Abin da yake da shi wani dogon bututu ne mai lanƙwasa da kake turawa gaba kana jawowa baya da hannun dama, in ka tura sauti ya sauka, in ka jawo ya hau, sauran aikin kuma leɓe ne ke yi. Wuri 7 ake tsayawa, kuma babu wata alama ko ƙugiya da zata ce maka ga wurin nan tsaya, hannunka ne kawai da kunnenka. Mai saksofon yatsa ɗaya zai ɗaga ya canza sauti, shi kuwa mai turombon wani lokacin sai ya miƙa hannu gaba ɗaya ya dawo da shi, kuma dole harshensa ya yanke iskar daidai lokacin da hannun ke tafiya, in ba haka ba sautin ya zame ya yi wannan jan "wuuu" ɗin. A tsohon jaz na New Orleans ma wannan zamewar ita ake so, su Kid Ory da ita suka yi suna, turombon yana baya yana gurnani yana cike gurbi, turampet na gaba yana jan waƙa.

To sai bibop, wani sabon salon jaz, ya zo a shekarun 1940, su Charlie Parker da Dizzy Gillespie suka zo da gudu, sauti kan sauti ba numfashi, kuma kowane sauti sai ya fita tsaf. Mutane da yawa suka ɗauka shike nan turombon ba shi da wuri a wannan sabon kiɗan, hannu ba zai taɓa kamo yatsa ba.

J.J. Johnson ne ya ƙaryata wannan maganar. An haife shi a Indianapolis a 1924, ya yi aiki a ƙungiyar Benny Carter sannan ta Count Basie, daga nan ya faɗa cikin 'yan bibop na Niyok har ya yi faifai da Parker kansa a 1947. Abin da ya yi shi ne ya cire duk wani zamiya da gurnani da karkarwar murya, ya koyi inda zai sami sauti ɗaya a wurare daban-daban na bututun don kada hannu ya riƙa dogon tafiya, ya gyara harshensa har kowane sauti yana fita shi kaɗai da bakinsa da ƙarshensa. Tsabar tsaftar busansa sai da wasu da suka ji shi a faifai suka ɗauka turombon mai madannai yake busawa. Amma ka san suna daban abinci daban, a 1952 dole ta sa ya kama aikin duba zanen injina a kamfanin Sperry, mutumin da duk masu turombon na ƙasar ke kwaikwayo ya koma zuwa aiki da safe ya dawo da yamma, sai jefi-jefi in an kira shi ɗaukar faifai ya je, kamar wanda ya yi da Clifford Brown a 1953 da wanda ya yi da Miles Davis a Afrilun 1954.

Shi kuma Winding a Aarhus ta ƙasar Denmak aka haife shi a 1922, iyayensa suka kawo shi Amurka a 1934 yana ɗan shekara 12. Ya bi ta ƙungiyar Benny Goodman, amma a wajen Stan Kenton ne a 1946 zuwa 1947 aka san shi, kuma duk wanda ya san kiɗan Kenton ya san gida ne na ƙara da kaurin ƙarfe, to wannan ya zauna masa a busa. Wani abin da nake so a tarihinsu shi ne tun kafin su haɗu sun taɓa zama kan kujera ɗaya, a ƙungiyar mutum tara ta Miles Davis, wadda daga baya aka tattara aikinta a Birth of the Cool, Winding ne ya busa turombon a zaman farko na Janairun 1949, J.J. ya karɓa a sauran zaman. Kaga kenan a idon mutane kishiyoyi ne, in an ɗauki wannan an bar wancan.

Ozzie Cadena na kamfanin Savoy ne ya kawo shawarar a haɗa su a Agustan 1954, turombon biyu a gaba, ba turampet ba saksofon, Charles Mingus a bas, wato ƙatuwar garayar nan mai kaurin murya, Kenny Clarke a ganga. A takarda abin bai yi kama da wanda zai sayu ba wallahi, ƙaho iri ɗaya murya iri ɗaya, wa zai zauna ya ji wannan na minti arba'in? Sai ga shi ya karɓu, har J.J. ya ajiye aikin kamfanin ya dawo kiɗa gaba ɗaya, suka yi shekara biyu suna yawo da ƙungiyarsu, suka yi faifai a Prestige da Bethlehem da Columbia, har da wanda suka tara turombon takwas. Kuma kar a manta wace Amurka ake magana, 1954 ce shekarar da kotun ƙolin ƙasar ta haramta raba yara baƙaƙe da farare a makarantun gwamnati, ga baƙin mutum da Bature suna shugabantar ƙungiya ɗaya kafaɗa da kafaɗa sunansu biyu a jikin faifai. A 1956 suka rabu, ba faɗa ba komai, kowa dai ya ga sun kai abin inda zasu kai shi.

Shi ya sa faifan 1960 ɗin nan ya zama na sake haɗuwa. Creed Taylor, wanda ya san su tun yana Bethlehem, shi kamfanin ABC-Paramount ya ba amanar buɗe sabon reshen jaz, wato Impulse!, kuma da ya tashi zaɓen waɗanda zai fara da su sai ya koma wajen mutanen da ya tabbata ba zasu ba shi kunya ba. Aka tafi sutudiyon Rudy Van Gelder a Englewood Cliffs ta jihar New Jersey, wanda a lokacin sabo ne fil, don sai a 1959 ya koma can, kafin nan a falon gidan iyayensa a Hackensack yake ɗaukar faifai, shi da asalin sana'arsa ma gwajin ido ce da yanka tabarau. Sabon wurin nan mai dogon rufin katako ne, kuma ni dai kunnena yana gaya min turombon ya ji daɗin ɗakin, sautin yana da fili yana da ɗumi, kana jin iskar da ke bayan kowane busa ba wai ƙarfe zalla ba.

Sannan dubi waɗanda ke bayansu. Bill Evans a piyano, shekara ɗaya kacal bayan ya yi Kind of Blue, shahararren faifan Miles Davis, Paul Chambers wanda shi ma yana cikin wancan faifan ya riƙe bas a wasu waƙoƙin, Tommy Williams a sauran, ganga kuma tsakanin Roy Haynes da Art Taylor. Waƙa 11 ne gaba ɗaya, yawancinsu gajeru, minti uku huɗu an gama.

Yanzu ga inda nake son tsayawa sosai. Mutane in sun ji an ce masu busa iri ɗaya su biyu a faifai ɗaya, abin da suke jira kokawa ce, wannan ya yi gudu wancan ya fi shi, wannan ya hau sama wancan ya hau samansa, kuma jaz yana da wannan al'adar, musamman 'yan saksofon, akwai daɗinta ban musa ba. An ce ba a sarki biyu a gari ɗaya. Amma J.J. da Winding ba wannan suka zo yi ba sam. Abin da suka gina shi ne yadda murya biyu zasu zama ɗaya su sake rabuwa su koma, wani lokacin su busa sauti ɗaya tare har ka rantse mutum ɗaya ne mai ƙaton ƙirji, sai kawai ɗaya ya zame ƙasa kaɗan ka ji abin ya buɗe ya zama biyu, can kuma wannan ya fara jimla wancan ya ƙarasa masa, ko ɗaya ya toshe bakin ƙahonsa da murfi muryar ta shaƙe ta yi siriri ɗayan ya bar nasa a buɗe, kaga nan take an sami kala biyu daga abu guda.

Kuma ka tuna abin da na faɗa a sama, babu alama a jikin bututun nan. In masu piyano biyu suka danna wuri ɗaya sauti ɗaya zai fito ko sun so ko basu so ba. Masu turombon biyu kuwa in hannun ɗaya ya wuce da ko faɗin farce ne, zaka ji sautukan suna dukan juna suna wata rawa mara daɗi, ko wanda bai san komai a kiɗa ba zai ji wani abu ya kauce. To su waɗannan kowane dogon sauti da suka riƙe tare sai kowa ya saurari ɗan uwansa ya gyara hannunsa cikin ƙiftawar ido, su fara tare, su kumbura sautin tare, su sake shi tare, har numfashi sai sun ja a wuri ɗaya. Wannan ba ya zuwa da baiwa kaɗai, sai an yi dare da rana tare, kuma sai kowa ya yarda ya rage kansa. Abin da ke taɓa ni kenan duk sanda na saka faifan, shekara huɗu da watsewar ƙungiyarsu amma kunnensu bai manta juna ba.

Ɗauki Blue Monk misali, waƙar Thelonious Monk, wadda ni a wajena ita ce zuciyar faifan. Waƙar da sauti huɗu take farawa masu hawa taki-taki, rabin mataki rabin mataki, kuma in a mazaunin da aka saba busa ta ne mai turombon ya kama ta daga ƙasa, sautukan nan huɗu suna faɗawa daidai wuri na 4, na 3, na 2, na 1, wato hannu yana jawo bututun zuwa jiki kaɗan-kaɗan har ya iso gida. Sai ka ce don turombon aka rubuta ta alhali mai piyano ne ya rubuta. Kuma waƙa ce da tun asali take neman murya ta biyu a gefenta tana bin ta, to ga masu murya biyu sun samu. In kana neman inda zaka fara koyon bambance su, nan ne, don bulus ne, tsohon tsarin waƙar baƙaƙen Amurka mai layi 12, ba wani rufa-rufa, kowa zai fito da halinsa.

Bambance sun ma wani daɗi ne na daban. Farkon ji zaka ce ai duk ɗaya ne, kamar wa da ƙani da muryarsu ke kama a waya, baƙo ya rikice amma 'yan gida da "salamu alaikum" ɗin farko sun san waye. J.J. muryarsa a dunƙule take, mai duhu-duhu, santsi, ba ya ɓarnar sauti, yana ajiye jimla ya bar fili sannan ya ɗora wata, kana jin mutum ne mai tsara waƙa ko yana cikin ƙirƙira nan take. Winding nasa ya fi haske, akwai kaifi da ɗan ƙaiƙayi a bakin sautin, yana son ya tura ya ɗan yage, ragowar gidan Kenton kenan. Ni dai J.J. ne nawa, ba zan ɓoye ba, amma na daɗe da lura cewa a gefen Winding ya fi sakin jiki, shi kuma Winding a gefen J.J. ya fi kama kansa, kowa yana jan ɗan uwansa zuwa tsakiya. Masu cewa Winding ɗan rakiya ne kawai basu saurara da kyau ba, cire shi ka gani, abin da zai rage faifan J.J. ne mai kyau amma ba wannan ba.

Akwai kuma Georgia on My Mind, tsohuwar waƙar Hoagy Carmichael ta 1930. Zaɓenta ba haka kawai ba ne a ganina, don a watan Nuwamban 1960 ɗin nan dai wadda Ray Charles ya rera ta hau lamba ɗaya a Amurka, kuma shi ma a ABC-Paramount yake, faifansa ne ma ya zama A-2 a Impulse!. Wato ana son faifan ya shiga gidajen mutane ba wai na masana kaɗai ba. Wasu suna ganin wannan aibi ne, ni ban gani ba. Turombon a waƙa mai sanyi ya fi kowane ƙaho kusa da muryar namiji, faɗinsa ɗaya zurfinsa ɗaya, in an ba shi waƙar da kowa ya sani sai ka ji kamar kalmomin na nan ko ba a furta su ba.

To amma ba zan ce faifan ba shi da inda ya gaza ba. Gajartar waƙoƙin tana ci min rai wani lokacin, mutum ya fara zafi kenan sai a ce a dawo kan waƙa a rufe. Wanda abin ya fi shafa Bill Evans ne, ka ɗauko mutum irin wannan a daidai lokacin da yake ganiyarsa, watanni kaɗan kafin ya ɗauki abin da ya ɗauka a gidan kiɗan Village Vanguard na Niyok tare da Scott LaFaro da Paul Motian a Yunin 1961, sannan ka ba shi ɗan fili kaɗan. In ka sayi faifan don Evans zaka tashi da sauran yunwa. Sai dai in ka kasa kunne ga abin da yake yi a bayansu, nan ma akwai karatu, turombon biyu sun riga sun cike tsakiyar sauti, daidai inda hannun mai piyano ya saba zama, to dole ya nemi inda zai sa nasa ba tare da ya taka su ba, sai ka ji ya ɗan taɓa sama ya janye, ya jira sun ja numfashi ya jefa abu biyu ya yi shiru. Ba kowane babban mai piyano ne zai iya wannan haƙurin ba.

Ɗayan ƙorafin da ake yi shi ne wai kiɗan ya cika ladabi, ya cika tsari, babu wuta. Na gane daga ina maganar ta fito, 1960 fa ake magana, Ornette Coleman ya riga ya zo Niyok ya hargitsa komai, Coltrane yana kafa ƙungiyarsa, shi kansa Impulse! ɗin bayan 'yan watanni Creed Taylor ya tafi kamfanin Verve, Bob Thiele ya karɓa, kamfanin ya zama gidan masu neman sabon abu, har launin ruwan lemo da baƙin nan na gefen kwalinsa ya zama alamar kiɗa mai zafi. In ka jera A-1 kusa da abin da ya biyo baya dole ya yi kama da mai sanyin hali. Amma wannan awo ne da mudun da ba nasa ba. Su basu ce zasu canza jaz ba a wannan faifan, J.J. ya riga ya yi nasa juyin tun shekarun 1940, ba ya bin kowa bashin wani. Abin da suka sa a gaba shi ne su ɗauki waƙoƙi, har da waɗanda su da kansu suka rubuta, su tsara su yadda ƙaho biyu da mutum uku a baya zasu yi kauri kamar ƙungiya babba, kuma kowace waƙa da dabararta, ba a maimaita shiri ɗaya sau goma sha ɗaya ba. Wutar tana nan, a cikin lilon kiɗan take, saurari waƙar farko kawai ka ji yadda suka shigo da ƙarfinsu ba wani share fage.

Bayan wannan basu daina haɗuwa ba, Creed Taylor ɗin dai ya sake tara su a 1968 da 1969 suka yi wasu faya-fayan, amma zamani ya riga ya juya, salon ma ya canza. J.J. ya koma Kalifoniya a 1970 yana rubuta kiɗan fina-finai da talabijin, sai daga baya ya dawo busa sosai, Winding ya rasu a 1983, J.J. a 2001 a garinsu Indianapolis. Roy Haynes ne ya daɗe, sai a Nuwamban 2024 ya rasu yana da shekara 99.

In zaka saurara, don Allah kar ka saka shi a lasifikar waya kana wani aikin, ƙasan sautin turombon da bas duk ɓacewa suke a nan, rabin faifan kenan ya tafi. Nemi abin kunne mai kyau, ka fara da Blue Monk ka maimaita ta har sai ka iya cewa wannan J.J. ne wannan Winding ne ba tare da ka duba komai ba, sannan ka koma farko ka bi shi a jere. In ya shige ka sai ka nemi na Savoy na 1954, wancan ya fi ɗanye, Mingus yana ta tura su daga baya, su kuma lokacin suna kan laluben juna.